Famfon lambu a lokacin ƙanƙara: shawarwarin masu gyaran famfo

Masu aikin famfo a Amurka da Kanada sun fi jaddada abu ɗaya: a cire tiyo kafin sanyi ya kama. Ruwa na daskarewa a digiri 0 na ma'aunin Celsius, girmansa ya ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya tsage bututu. Ko famfo mai dogon wuya da aka ƙera don jure ƙanƙara, wanda bawul ɗinsa (abin da ke buɗe ruwa da rufe shi) ke can cikin ɗumin gida, ba ya tsira idan tiyo na maƙale, domin ruwan wuyansa ba zai tsiyaye ba. Kuma dole a girka shi ya ɗan karkata ƙasa ta waje.

Mai famfon gargajiya ya rufe bawul na cikin gida, ya buɗe na waje, ya sassauta ƙaramin murfin tsiyaya da ke jikin bawul na cikin gida har ruwa ya ƙare.

Komawar ruwa baya daga tiyo zuwa bututun gida ta fi daskarewa haɗari. Idan ƙarfin ruwa ya faɗi, misali babban bututu ya fashe, tiyon da ke cikin bokitin maganin ƙwari zai zuƙo shi zuwa ruwan sha. Ƙaramin bawul na tagulla da ake murɗawa a bakin famfo yana hana haka. Amma shi ma yana riƙe ruwa, sai an zubar kafin hunturu.