Leɓen yarona ya ɗage bayan ɗinki, aikin ne ya ɓaci?

Tambaya: Assalamu alaikum. An haifi ɗana da tsagaggen leɓe ta hagu, tsagar ta kai har hanci. An yi masa aiki yana da wata 4, yau sati 7 ke nan. Da farko leɓen ya zauna daidai, yanzu tabon ya yi ja da tauri, ya ɗage leɓen sama. Mu nemi a sake ne?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. Maman yaro, kada ki yi garaje. Tabo yakan tsuke a watanni biyu zuwa uku na farko, sannan ya saki a hankali, ba a yanke masa hukunci sai ya shekara. An fi ganin wannan ɗagewar a salon ɗinkin leɓe da ake kira Millard, inda ake juyo ɓangaren tsakiyar leɓen ƙasa, a jawo na gefe ya cike gurbin. Salon Fisher da na Tennison suna saka ɗan ƙyallen fata mai kusurwa uku don ƙara tsawo.

Amsa ta 2: Ni abin da zan ce ki duba shi ne tsoka, ba fata ba. Akwai tsokar da ta zagaye baki kamar zobe. A tsagaggen leɓe ta rabu, bakinta ya maƙale a gindin hanci. Lokacin aiki dole a ɓanɓaro ta, a kwantar, a ɗinke ta daban kafin fata. In ba a yi ba, za ki ga ƙulli ya taso gefen tabon duk sanda yake tsotso ko kuka, jan leɓen kuma ya yi giɓi kamar mai fito. Wannan tausa ba ta gyara shi. Haka layin da ya raba jan leɓe da fata: ko milimita 1 ya goce, ido na kamawa.

Amsa ta 3: In likitansa ya amince, ki danna tabon da ɗan yatsa mai tsabta, ki murza daga hanci zuwa ƙasa, minti 2 zuwa 3, sau uku a rana. Zai yi kuka, ki daure. A shafa man silikon, a kare wurin daga rana. In an sa masa roba a hanci, kada a cire kafin lokaci, ƙofar hancin takan koma ta kwanta. Ruwa, mugunya ko buɗewar ɗinki kuwa, asibiti ranar. In akwai gyara, galibi ana yinsa kafin ya shiga makaranta.