Shirya ma'aikatan lafiya kafin annoba ta ɓulla

Likitoci da ma'aikatan jinya da suka tattauna yadda za a shirya wa annoba ko harin ƙwayoyin cuta sun fi tsayawa a kan gane cuta da wuri, domin wanda aka harba da ƙwayar cuta da gangan da wanda annoba ta kama dukansu galibi da zazzaɓi suke zuwa asibiti. Sun kawo misalin Amurka a 2001, inda aka aika ƙwayoyin antaraks, wata cuta mai kisa da ta fi kama dabbobi, cikin wasiƙu har mutum 5 suka mutu, kuma likitan da ya duba majinyacin farko a Fulorida ne ya fara zargin cutar. Haka a Legas a 2014, Dokta Ameyo Adadevoh ta ƙi sallamar mutumin da ya shigo da Ebola daga Laberiya. Shawararsu ita ce a tambayi majinyaci inda ya yi tafiya da sana'arsa, a keɓe shi, a sanar da hukuma tun kafin sakamakon gwaji ya fito.

Sun kuma nace cewa a riƙa atisayen sa kayan kariya da cire su, musamman cirewar, wadda a nan aka fi kamuwa. Masu shara da direbobin motar asibiti, waɗanda akan manta da su, su ma a sa su cikin horon.