Wai me ya hana a gyara ginin majalisar Ingila ne?

Baƙon Landan:
Salam jama'a. Jiya na bi ta Westminster, wani abokin aikina yake ce min wai akwai ma'aikatan da ke zagaya cikin ginin majalisar dare da rana, ba su da aiki sai duba inda wuta za ta tashi. Ƙasa kamar Ingila fa? Ba sai a canza wayoyi a sa hita na zamani a wuce wurin ba?

Ɗan Fagge:
Gaskiya ya faɗa maka malam. Ni aikin wayarin nake, tsohon gini ya fi sabo wahala nesa ba kusa ba. Ɗakuna sun haura 1,000, da tururi ake ɗumama shi ta tsofaffin bututu, wayoyi kuma an yi ta ɗora sabuwa kan tsohuwa har wata ba a san inda ta nufa ba, ga asbestos a ko'ina, wani kayan gini na da mai jure wuta wanda ƙurarsa ke jawo ciwon daji, ga ramukan shan iska da aka bari cikin bango tun zamanin Sarauniya Victoria, in wuta ta samu wannan hanyar ai sai dai Allah ya kiyaye. Shi kuma hita mai cin wuta kaɗan sai ɗaki na riƙe zafi yake amfani, to ginin tarihi ne, ba a barinka ka fasa bango ko ka cire tagogin ka sa gilashi mai ninki biyu yadda ka ga dama.

Maman Biyu:
Abin dariya ma murhun ɗumama ginin ne ya cinye ginin majalisar na farko a 1834. Wasu tsofaffin sandunan lissafin haraji aka yi ta turawa a murhu ƙarƙashin zauren dattawa, da yamma wuta ta kama, da ƙyar tsohon babban zauren da ake kira Westminster Hall ya tsira. Kamar dai mu da kaskon gaushi lokacin hunturu, mhm.

Ɗan Fagge:
Hajiya kin tuna min Cape Town, Janairun 2022 majalisar Afirka ta Kudu ta ƙone, famfunan yayyafin ruwa na nan a silin amma ba su yi aiki ba. Sa kaya daban, kula da su daban.

Baƙon Landan:
To su 'yan majalisar ina za su zauna in an fara aikin?

Maman Biyu:
Tun 2018 suka kaɗa ƙuri'a cewa za su tashi a yi gyara. Ka leƙa gobe, suna ciki.