Wace waya zan ja wa sumo daga janareto?

Malam Habu: Salamu alaikum 'yan zaure. Sumo ne, famfon da ake nutsarwa cikin rijiya, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, daga janareto zuwa bakin rijiya mita 50, zurfin da zai sauka mita 30. Mai shago ya ce 2.5mm ta isa. Haka ne?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam, Malam. Tsawonka mita 80 ne, ba 50 ba, a haɗa da wadda ke cikin rijiya. Irin wannan sumo yana jan wajen amp 9. Wayar 2.5mm tana ɗaukar fiye da haka ba tare da ta yi zafi ba, shi ya sa mai shago ya ce ta isa. Amma a hanya wuta take ragewa. Kowane amp a kowace mita, 2.5mm tana cinye milibolt 18 (milibolt dubu ne bolt ɗaya), sai ka buga 18 sau 9 sau 80, kusan bolt 13 ke nan. Iyakar raguwar da ake so kashi 5 cikin 100 na bolt 230, wato 11.5. Ta 4mm tana cinye milibolt 11, bolt 8 kacal. Sayi 4mm mai ƙwaya uku.

Oga Sani: Gaskiyar Injiniya. Kuma lokacin tashi motar sumo tana jan ninkin abin da take ci sau da dama. In wuta ta iso da rauni sai ka ji tana gurnani ba ta juyawa, kwayil ya yi zafi ya ƙone.

Alhaji Ɗanjuma: Ku kula da jabu. Ka fere robar, ka kankare bakin wayar da wuƙa. In ta yi fari a ciki, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma bai kai kashi biyu cikin uku na ƙarfin jan ƙarfe ba. Ka duba tambarin NIS na hukumar SON mai kula da ingancin kaya, ka kuma ɗaga naɗin, jabu ba ta da nauyi.

Injiniya Bala: Bireka ta amp 16 nau'in C a bakin janareto. Ƙwaya ta uku, mai kore da rawaya, ta atin ce, wato mai kai wutar da ta zurare ƙasa, a ɗaure ta a jikin sumo.

Oga Sani: Mahaɗar da za ta nutse kuma ban da salatif zalla, ruwa zai shiga. A sa roba mai tsukewa da zafi. Wayar da ke sama a zura ta cikin bututun roba a binne kamar rabin mita, saboda fartanya da ɓera.

Malam Habu: Allah ya saka da alheri, 4mm ɗin zan ɗauko.