Tsohuwar da nake jinya ta fara shigo min mafarki, ku ba ni shawara

Salam 'yan uwa, admin don Allah a ɓoye sunana. Aikin kula da tsofaffi nake a Ingila, wata bakwai kenan ina tare da wata tsohuwa Bayahudiya, ta haura 90. Tana yarinya aka kwashe su daga Hangari a 1944 aka kai su Auschwitz, sansanin da 'yan Nazi suka riƙa kashe Yahudawa, duk gidansu ita kaɗai ta fito da rai, har yau lambar da aka zana mata tana nan a hannu. Yanzu ciwon mantuwa ya kama ta, Turancin ma ya gudu sai yarensu, burodi take ɓoyewa ƙarƙashin filo, in na kunna shawa sai ta ƙwalla ihu tana kiran mamanta. To abin ya dawo kaina wallahi, bana barci, ina mafarkin an cusa ni a jirgin ƙasa da yarana, abu kaɗan na hau su da faɗa. Kunya ma nake ji in faɗa, ni da ba abin da ya same ni.

Maman Ilham: Allah sarki 'yar uwa. Ki riƙe azkar safe da yamma, Ayatul Kursiyyu kafin ki kwanta. Kuma ki daina bin bidiyon sansanonin nan da dare, na san kina yi.

Anti Nas: Ƙanwata ba kunya a nan, abu ne sananne, mai jinya yana kwasar firgicin wanda yake jinya ko bai ga komai da idonsa ba. Na yi aiki a sansanin 'yan gudun hijira a Maiduguri, labaran matan Bama kawai nake ji amma sai da na yi watanni ina firgita. Ki je wajen GP ɗinki, wato likitan da kika yi rajista da shi, ko ki nemi NHS Talking Therapies da kanki, sashen hukumar lafiyar Ingila ne mai taimaka wa masu damuwa ta hanyar tattaunawa, kyauta ne. Shawar kuma ki bar ta, ruwan ɗumi a roba da tawul, ki riƙa faɗa mata abin da za ki yi kafin ki taɓa ta. Burodin ma ki bar mata, ki dai canza da sabo.

Baban Sadik: Ki ce wa manaja a riƙa karɓa-karɓa da wata mana.

Mai tambaya: Na gode Anti. Yaya ai matsalar kenan, in ba ni ba bata yarda kowa ya taɓa ta, ranar hutuna ko abinci bata ci.