Durowar da na haɗa da hunturu ta ƙi buɗuwa da damina

Baban Hafsat:
Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, amma ina ɗan taɓa aikin kafinta a ɗakin da na ware a bayan gida idan an yi hutu. A watan Janairu na haɗa wa uwargida kabad mai durowa huɗu da katakon madaci, kuma a lokacin kowace durowa tana shiga tana fita ba tare da wata wahala ba. Tun da ruwa ya zauna a watan Agusta, biyu daga cikinsu sun cije, sai an sa ƙarfi kafin su fito, ta ƙasan kuma gefenta ya turo waje har ƙusa ta fara bayyana. Gindin kowace durowa falankin katako ne wanda na shafa wa gam na kuma buga masa ƙusa ta kowane ɓangare. Ina roƙon masana su nuna mini inda na yi kuskure, kuma ko in rage gefen ne yanzu ko in jira.

Tsohon Kafinta:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba rashin iyawa ba ne, lokacin da ka yi aikin ne ba ka sa a lissafi ba. Katako yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi muddin yana nan, ko da ya shekara ashirin da yankewa, kuma kumburinsa ta faɗi yake yi, tsawonsa kusan ba ya motsi. Ka haɗa durowarka a tsakiyar hunturu, lokacin da katakon ya gama tsukewa, ka kuma auna ta cif da ramin kabad ɗin, saboda haka da damina ta zo ba ta sami inda za ta numfasa ba. Falanki mai faɗin milimita 400 yana iya ƙara milimita 4 ko 5 tsakanin hunturu da damina, kuma gam ko ƙusa ba su isa su hana shi ba.

Babbar matsalar tana gindin durowar. Da ka kafe shi ta ɓangarori huɗu, sai ya rasa hanya, ya ture gefen waje. Yadda muka koya shi ne a yanka kwari mai zurfin milimita 6 a cikin gaba da gefuna biyu, kimanin milimita 10 daga ƙasa, sannan a rage tsayin katakon baya domin gindin ya zura ta ƙarƙashinsa. Jijiyar katakon gindin, wato layukan da ke bin tsawonsa, ta kwanta daga hagu zuwa dama, ta yadda kumburin zai nufi baya, inda babu abin da zai tare shi. A gaba kaɗai ake sa masa gam, a baya kuma sukuru ɗaya ya wadatar, a cikin rami mai ɗan tsawo. Idan kana son hutawa da duk wannan, ka sa filawud mai kaurin milimita 6, domin shi an jera sassansa a gicciye, bai cika motsi ba.

Game da ragewa, kada ka yi gaggawa. Ka shafa alli a cikin ramin kabad ɗin, ka tura durowar ka fito da ita, duk inda allin ya kama nan ne take gogawa, kuma nan kaɗai za ka taɓa. Wanda ya rage da yawa a Agusta zai tarar da durowa tana rawa a Janairu. Daga nan ka goga kyandir a gefuna da kan katakon da take zamewa. Mai kuwa kada ka sa, ƙura yake tarawa.

Ɗan Maraɗi:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai ni a ganina wanda yake aiki shi kaɗai a gida ya fi masa sauƙi ya yi amfani da ƙarafan zamiya masu boris waɗanda ake ɗaurawa a gefe. Yawancinsu suna buƙatar tazarar milimita 12.7 a kowane gefe, wato durowar ta gaza faɗin ramin da kimanin milimita 26, kuma wannan tazarar tana hana katako gogar katako. Sharaɗinsu shi ne durowar ta fita daidai: kafin gam ya bushe, ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta a gicciye, ka auna ɗaya giccin, awon biyu su zo ɗaya. Idan ba ka da abin matsewa, igiya da ɗan sanda da za ka murɗa sun isa su jawo giccin da ya fi tsawo.

Tsohon Kafinta:
Ban ƙi ƙarafan ba, ɗana, amma a ƙasarmu ƙurar hunturu tana shiga boris ɗin, kuma masu arahar ba sa jure nauyin atamfofi. Bugu da ƙari, kabad ɗin Malam an riga an gina shi, sa su yana nufin sake haɗa durowa huɗu ƙanana.

Baban Hafsat:
Allah ya saka muku da alheri. Na auna giccin ta ƙasan na sami bambancin milimita 5, allin kuma ya kama saman gefen sauran biyun ne kawai. Zan cire gindin duka huɗun in sa filawud a cikin kwari, ta ƙasan kuma in warware ta in sake haɗawa. Baba, tambaya ɗaya ta rage: idan na sayo sabon katako yanzu domin gefen da ya lalace, kwana nawa zan bar shi a ɗaki kafin in yanka?