Na sa hannu a takarda ban duba birki ba: ina alhakina ya tsaya?

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Aikina shi ne duba manyan motocin wani kamfanin dakon kaya kafin su kama hanya, in sa hannu cewa lafiyarsu ƙalau. Ranar da abin ya faru na yi dare biyu a jere ina aiki, sai shugabana ya tsaya a kaina da takarda da biro, ya ce motar ta makara, ko in sa hannu ko in nemi wani aikin. Na zagaya ta, na duba tayoyi da fitilu, amma ban shiga ƙarƙashinta na ga birki ba. A wani gangare birkin ya ƙi ci, yaron motar ya karye a ƙafa. Ban nufi kowa da cuta ba, kuma matsa mini aka yi. Shin alhakin yana wuyana ne, ko yana wuyan wanda ya tilasta mini?

Wani malami ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba yaron lafiya. Rashin mugun nufi yana sauƙaƙa maka ƙwarai, domin ayyuka suna tare da niyya, kuma ya zo a hadisin da Ibn Majah ya ruwaito cewa an yafe wa wannan al'umma kuskure da mantuwa da abin da aka tilasta ta a kai. Sai dai malamai sun raba zunubi da lamuni. A Suratun Nisa'i, aya ta 92, wanda ya yi kisa bisa kuskure an ɗora masa kaffara, an kuma wajabta diyya, alhali bai yi ganganci ba. Ke nan haƙƙin wanda aka cutar ba ya faɗuwa don zuciyar mai cutarwar fara ce. Game da tilas kuwa, wanda aka yi wa Ammar ɗan Yasir azaba ce a jiki har ya furta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. Barazanar kora abu ce mai nauyi ga mai iyali, ban raina ta ba, amma ba ta kai wannan matsayi ba, balle a inda ran wani ne ke cikin haɗari.

Wata 'yar'uwa mai koyar da shari'a ta ce:

Malam ya yi gaskiya, amma ina ganin an sassauta wa shugaban da yawa. Shi ne ya san dokar wajen, shi ke da ikon tsayar da motar ba tare da ya rasa komai ba, kuma ya ga gajiya a idonka ya yi amfani da ita. Sani da iko da amana duk suna ƙara nauyi, kuma ukun sun taru a kansa. Duk da haka, girman laifinsa ba ya wanke ka, don alhaki ba kaya ba ne da in wani ya ɗauki babban kashi sai naka ya ragu daidai gwargwado. Dokar 1945 da ta kafa kotun ƙasa da ƙasa a birnin Nurembag na Jamus, wadda ta yi wa manyan 'yan Nazi shari'a bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta ce umarnin na sama ba ya kuɓutar da mutum, sai dai a iya duba shi wajen rage hukunci. Tun kafin nan da fiye da shekara dubu biyu Aristotil, masanin falsafa na ƙasar Girka, ya buga misali da mai zubar da kaya a teku lokacin guguwa don jirgi ya tsira: hali ne ya matsa shi, amma hannunsa ne ya zubar. Tambayata ɗaya ce, ƙanena. Lokacin da kake riƙe da biron, birkin ya faɗo maka a rai, ko gajiya ta shafe shi gaba ɗaya? Idan mantuwa ce, hukuncinta daban. Idan ka tuna ka kau da kai, wannan sakaci ne.

Mai tambaya ya dawo:

Na tuna, Yaya. Har na kalli tocilan ɗin da nake shiga ƙarƙashin mota da ita, sai na ce a raina ai makon jiya aka duba.

Malamin ya ƙara da cewa:

To, tunda ka faɗi wannan da bakinka, kada ka ƙara kiran abin kuskure. Ka je ka duba yaron, ka gaya masa abin da ka gaya mana ba ragi, ka nemi yafewarsa, ka ɗauki abin da za ka iya na jinyarsa. Sannan ka rubuta yadda aka yi, da rana da lokaci da kalmomin da shugaban ya faɗa maka, ka miƙa wa na sama da shi kafin a sake tsayawa a kanka da wata takardar.